Koren Maɓallin da Ka Bar Mini

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, mai ɗakinka ta kira ni ta ce ka cika.

Na-Baya, ba zan yi maka ƙarya kana kwance ba. A makaranta ni ne na ɗaya, kai kana bencin ƙarshe kana leƙen littafina. Bayan shekara talatin muka haɗu a kamfanin rarraba kaya, teburina na kallon naka. Ni ke rubuta wa masu motocin dako takardar neman mota. Kai kuwa ka koyi abin da na raina: ka haɗa kwamfutar sito da shafukansu na intanet, kaya na gama haɗuwa buƙatar mota ta tafi da kanta. Aikin yinina ya koma na ƙiftawar ido. Aka ba ka ofis mai taga. Na taya ka murna da baki, cikina kuwa garwashi.

Da manaja ya ce ba ni da sauran amfani, kai ka tare. "Ranka ya daɗe, na'ura ba ta da hankali. Sai Malam ya duba ya danna, sannan saƙo ya fita." Ka sa mini koren maɓalli a kwamfutata. Shekara shida ina dannawa, ina gaya wa iyalina in ba ni, ba motar da za ta tashi. Har gori na yi maka: "Duk iliminka, sai da yatsana." Ka yi dariya ka ce, "Haka ne, Na-Ɗaya."

Ranar rasuwarka da washegari ban zauna a ofis ba. Alhamis na shigo ina zaton aiki ya tsaya cak, na tarar motoci sun zo, sun yi lodi, sun tafi. Babu wanda ya taɓa maɓallina. Ashe bai taɓa haɗuwa da komai ba.

Ka fi ni a aiki, na haɗiye. Yanzu ka fi ni a mutunci, ka kuma tafi ban samu damar ramawa ba. Wannan ce ta tsaya mini a wuya. Na san manaja zai karanta wannan, na san kora ce za ta biyo baya. Amma na ci alherinka shekara shida a ɓoye, ba zan haɗa da cinye yabon da ka cancanta ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya rufa maka asiri ranar tonon asiri kamar yadda ka rufa mini. Mai ɗakinka da 'ya'yanka, Allah ya ba ku haƙuri, ya haɗa ku da mai yi muku abin da mahaifinku ya yi wa wanda bai taɓa gode masa ba.