Tumbin Barewar Inna

Ba sayen barewar Inna ta yi ba, kawo mata aka yi. Wata Bafulatana da ke kawo mana nono a Rurum ce ta shigo da ita rungume a zani, ƙafafu kamar tsinke. Mafarauta sun kashe uwar, suka bar 'yar a gindin sabara. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Rano, sai ƙarshen mako nake zuwa gida. Ina ganinta na ce ba za ta kwana biyu ba. Inna ta ce to, Allah ya ba malama haƙuri.

Ta haɗa ta da wata jar akuya mai shayarwa. Da ta isa cin ciyawa sai zawo ya kama ta, ta dinga ramewa. Inna ta jira akuyar ta kwanta tana tuƙa, ta cafke mata muƙamuƙi, ta zura yatsu ta zaro curin ciyawar da ta dawo da shi daga ciki, da ɗuminsa da warinsa, ta dama da ruwa ta ɗura wa barewar. Na toshe hanci.

"Ciki da mutanensa, 'yar nan," in ji Inna. "Uwarta ya kamata ta ba ta. Tunda babu, sai mu yi aro."

Mutanen da take nufi su ne ƙananan halittun nan da ido ba ya gani, waɗanda ke zaune a tumbin dabba suna narka mata ciyawa. In suna lafiya, tana lafiya. In an zuba musu abin da ba su saba da shi ba suka mutu, ita ma ta bi su.

Barewa ta miƙe. Kullum da safe Inna na gindin duwatsu da lauje tana yanko mata ɗanyar ciyawa, da rani kuma harawa da 'ya'yan gawo. Tun rasuwar Baba ban ƙara jin Inna tana hira mai tsawo da kowa ba sai da wannan dabba. Har kishi na yi, ban ɓoye ba.

Sai kakar zaɓe ta zo. Shekarun nan ne da kowa ke maganar Shari'a, daga kan mimbari har tashar mota, amana da haƙƙin raunana ba sa fita daga bakin mutane. Yayana, wanda ke acaba tsakanin Rano da Kibiya, ya zama na gaba-gaba wajen kabbara a taron wani Alhaji ɗan takara. Ran nan ya jawo Alhajin har tsakar gida, wai ya gaida Inna. Mutumin ya hango barewa, ya ce masha Allah, irin wannan ai a gidansa na Kano ta dace. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, amma Yaya ya ɗauke shi kamar hukuncin alƙali.

"Inna, dabba ce fa," ya ce bayan sun tafi. "In Alhaji ya ci, ni zan riƙa tuƙa shi. Ko so kike in mutu a kan babur?"

Na ce masa ya ji tsoron Allah, ya ce mace me ta sani a siyasa. Inna ba ta iya ce wa ɗanta namiji a'a, wannan ciwon da shi ta koma ga Allah. Ta ɗaure damin harawa ta miƙa masa.

"Ka gaya musu ciyawa take ci. Don Allah kada a ba ta hatsi."

Da motar da ta zo ɗaukar barewar ta tashi, a ƙofar gida muka tsinci damin. Wai babu wuri.

Duk shigowar Yaya sai Inna ta tambaye shi. Ya ce ta kwantar da hankalinta, barewa na can cikin daula, ta fi mu jin daɗi. Inna ta ci gaba da fita da lauje, ta yanko ciyawar ta zube wa awaki, ta zauna tana kallon bango.

Ba a rufa wata ba, wata Asabar da la'asar, ya shigo da baƙar leda. Ya ce cikin barewar ne ya kumbura kamar ganga, aka yi maza aka yanka kada ta zama mushe. Manya sun raba nama, aka bar wa yaran gida kayan ciki, shi tumbi ya samu. Ya ajiye a gaban Inna kamar wanda ya kawo tsaraba. Na yafe wa Yaya abubuwa da yawa a rayuwa, wannan ledar ban yafe ba.

Inna ta ɗauki wuƙa ta je bakin rariya ta tsuguna, ta farka shi. Wani tsami ya bugi hancinmu. Dafaffiyar shinkafa ce maƙil, da maiƙonta, ko tsinken ciyawa babu.

"Ai kin gani," in ji Yaya. "Irin wadda Alhaji ke ci ake zuba mata. Wallahi ba a wulaƙanta ta ba."

Inna ta sa yatsa tana juya shinkafar.

"Da yunwa ta mutu," ta ce, "ga ciki cike."

Sannan ta ce in miƙo mata fartanya ta binne tumbin.