Mariama, Yayar Majinyata a Guangzhou

Kafin shagunan kasuwar Tianxiu su buɗe, Hajiya Mariama ta dama kunu, ta cika fulas, ta kama hanyar asibiti. Mutuniyar Maraɗi ce. Karatu ya kawo mijinta ƙasar Sin, ita kuwa a bakin masu sayar da kifi ta tsinci yaren. Duk Bahaushen da ciwo ya kayar a garin nan, ita ce bakinsa a gaban likita.

Bana zancen inshorar lafiya ake ta yi. Beijing ta shimfiɗa ƙa'ida, ta bar wa birane riƙon asusun, su kuma ma'aikatansu suka sani. A Najeriya ma an ce tarayya ta yi tata dokar, ana jiran a ga rabon jihohi. Masana sun ce raba aikin shi ne daidai. Wataƙila. Ni dai na duba rabon nan sama da ƙasa, ban ga inda aka ajiye baƙon ɗan kasuwa ba.

Wata Juma'a ciwon ciki ya murɗe Tankari, mai sarin riguna a kasuwar Shisanhang. Likita ya ce aiki za a yi yau, amma sai ɗan'uwansa ya amince. Danginsa kuwa suna Kano. Mariama ta aika masallacin Huaisheng a nemo ko da ɗan unguwarsu. Ana idar da salla 'yan dubiya suka cika baranda, har da mutanen Yamai.

Likita ya tambayi wane ne ɗan'uwan. Ta fassara. Kowa ya ɗaga hannu.

"Har da kai, Harouna?" in ji ta. "Ba jiya kake cewa ya ƙwace maka ciniki ba?"

"Hajiya, wancan kasuwa ce. Yau ƙanena ne."

Ta gaya wa likita gaskiya: babu na jini, amma a wurinmu babba ke tsaya wa baƙo, kuma ita ce babba. Ya dubi taron, ya yi dariya, ya miƙa mata alƙalami.

Tankarin ya warke, shi ne yau ke ɗaure mata kaya, za ta koma gida Maraɗi.

Ke ce yayar wanda ba shi da kowa, Mariama. Ba tarayya ta naɗa ki ba, ba jiha ba. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Ku kuma masu ɗaga hannu, fulas ɗin nan ba za ta tafi da shi ba. A samu wani ya ɗauka.