Mis Glenda Ba Ta Jin Larabci

Shekara goma sha bakwai Glenda Thwaite ta yi tana koyar da Ingilishi a nan Meknes, kuma a duk tsawon shekarun babu ɗalibi ko uwar ɗalibi da ta taɓa jin kalmar Larabci daga bakinta. Ko "shukran" za ta ce, sai ta karkata ta da gangan, yadda 'yan yawon buɗe ido suke yi.

'Yar garin Hull ce a Ingila. Mahaifinta lebura ne a tashar jiragen ruwa, mahaifiyarta tana aiki a kamfanin gyaran kifi. Ta bar gida tana da shekara ashirin da tara, da akwati ɗaya da takardar wani kwas na koyar da Ingilishi na wata guda, don a lokacin abin da ake nema bai wuce fasfo da harshen da ka sha a nono ba. Ta yi shekara huɗu a Izmir, uku a Koriya, ta taɓa Masar, ta zauna a Oman. Ko'ina sai ta tattara kayanta kafin ta san sunan mai sayar mata da burodi. Meknes ma da niyyar shekara ɗaya ta zo.

Abin da ya riƙe ta wata tsohuwa ce, Lalla Rkia, wadda ta ba ta hayar ɗakin sama a wani lungu na tsohon gari. Lalla a nan laƙabin girmama mace ne. Mijin Lalla Rkia ya daɗe da rasuwa, ba ta taɓa haihuwa ba, ba ta san ko kalma ɗaya ta Faransanci ko Ingilishi ba, kuma ba ta yarda a zauna da ita a yi shiru ba. Takan ɗaga albasa ta faɗi sunanta, ta tsare Glenda da ido har sai ta maimaita. Daga albasa aka kai ga gaisuwa, daga gaisuwa aka kai ga addu'o'i da zagi. Kowace Asabar takan tasa ta gaba zuwa gidan wankan mata, inda matan lungu suke dirje mata baya suna gyara mata harshe. Cikin shekara uku Glenda tana ciniki har mai kayan miya ya rantse cewa Baturiyar nan ta fi uwarsa taurin kai.

Makarantar da take koyarwa tana can Hamriya, a sabon gari, saman wani kantin magani. Mai ita Si Bouchta ne, gajeren mutum mai fara'a, wanda ba a raba hannunsa da makullin mota. Wata safiya Glenda ta shigo cike da murna ta gaishe shi da Larabcin gari, ta tambayi gida da yara yadda ya kamata. Sai ya miƙe ya rufe ƙofar ofis.

"Waye ya ji ki a matakala?"

Ta ce babu kowa.

"Alhamdu lillahi. Ustaza, ki saurare ni. Malamai bakwai gare ni, kowannensu ya fi ki sanin nahawu, kin sani, na sani. Amma ajinki ake rububi. Me ya sa? Saboda yaro ya san in fitsari ya matse shi, ko dai ya faɗa da Ingilishi ko ya jiƙa wando. Abin da iyaye suke saye ke nan. Wannan Larabcin naki mai daɗi, ki bar shi wajen tsohuwarki."

Da dariya ya faɗa, amma doka ce. Kuma kowace shekara, a watan Nuwamba, katin zamanta na ƙasar yana ƙarewa, ba a sabunta shi sai da takardar shaidar aiki mai ɗauke da sa hannun Si Bouchta.

Haka ta raba kanta biyu. Da safe a lungu ita ce 'yar Lalla Rkia, mai kai kwaɓin burodi gidan gashi a kan katako. In ta haye kwarin da ya raba tsohon gari da sabo, sai ta zama Mis Glenda, mai murmushi, wadda ba ta gane komai. Mutanen Hamriya ba sa shiga lungunan su Lalla Rkia, matan lungu kuma ba su da abin yi a Hamriya. Asirin ya zauna lafiya.

Makarantar ba ta da ɗakin malamai. A ɗakin jira Glenda take duba littattafan yara, a wani tebur da ke kusurwa, iyaye mata suna zaune suna jiran a tashi. Da farko suna rage murya. Daga baya suka saba da ita kamar yadda ake sabawa da kabad. A gabanta ake kushe rigarta da takalminta, a ce ba miji, ba ɗa, Allah kaɗai ya san me ta gudo wa a ƙasarsu. Wannan bai dame ta sosai ba. Abin da yake hana ta sakewa shi ne sauran maganganun: wadda mijinta yake duka, wadda take shan ƙwayar barci a ɓoye, wadda ta zubar da ciki. Akwai Madam Ghizlane, matar wani likitan haƙori, mai 'yan mata biyu a ajinta. Duk gari ya san babban ɗanta yana karatu a ƙasar waje, a Lyon. Glenda kaɗai, da aminiyar Madam Ghizlane ɗaya, suka san yaron yana wata cibiya a Casablanca ana raba shi da shaye-shaye. A ɗakin jiran nan uwar ta faɗa, tana kuka a cikin gyale, Glenda tana sa jan biro a littafi.

Sau da yawa ta yi niyyar ɗaukar littattafan ta koma matakala. Amma wanda ba ya ji, me zai kore shi? Tashin ma tona kai ne.

Komawa Ingila kuwa ya daɗe da fita daga lissafinta. Mahaifiyarta ta rasu, an sayar da gidan, ƙaninta Clive yana Kanada, sai katin Kirsimeti. Zuwanta na ƙarshe Hull, yarinyar da ke kanti ta tambaye ta daga wace ƙasa take, don Ingilishin nata ya zama na aji, a hankali, kowace kalma a wanke. Tana da shekara hamsin da takwas, kuma duk duniya wuri ɗaya ne ake cigiyarta in ta yi latti, wato lungun nan.

A watan Oktoba, lokacin tsinkar zaitun, Glenda ta sauko da safe ta tarar da Lalla Rkia zaune a tsakar gida, na'a-na'a a cinyarta, ruwan shayi ya ƙone a kan wuta. Ta kira ta sau biyu. Sannan ta fita ta buga ƙofar Mbarka, maƙwabciyarsu.

Da aka zo wanka, Glenda ta tsaya a bakin ƙofa tana miƙa ruwan ɗumi, don ta san ba hurumin wadda ba musulma ba ce. Wani ɗan ɗan'uwan marigayiyar ya zo daga Khemisset ya tsaya wa ɓangaren maza. A ɓangaren mata kuwa babu 'ya, babu ƙanwa. Mbarka, mace mai jiki da murya, ta kama hannun Glenda ta kai ta tsakiyar doguwar kujerar falo, wurin da mai amsar gaisuwa take zama. Glenda ta ce a rufa mata asiri, ita Banasariya ce, mutane za su yi magana.

"Su yi," in ji Mbarka. "Wa ya yanke mata farce shekara goma? Limamin unguwa? Zauna, 'yar uwa, kar ki sa in zauna a kanki."

Ta zauna. Ba a hura wuta a gidan ba, maƙwabta suna shigo da akussan kuskus. Mata suna zuwa layi-layi, kowacce ta sumbace ta ta ce albarkar marigayiya ta zauna a kanta, ita kuma ta amsa yadda Lalla Rkia ta koya mata a gidajen mutuwar wasu.

Rana ta biyu bayan la'asar, falon ya cika, sai ga wata mace cikin farar jallabiya mai tsada, da baƙin tabarau a hannu. Glenda ta gane tafiyar kafin ta ga fuskar. Madam Ghizlane ce. Ashe a gidan mahaifinta Lalla Rkia ta yi aikin girki tun tana amarya, ita ta goye ta. Tsohuwar takan ba da labarin wata yarinya mai ƙin cin abinci da ta raina, amma da sunan wasa take kiranta.

Madam Ghizlane ta bi layi tana gaisawa har ta iso tsakiya, ta tsaya cak. Ta ce da Ingilishi, Mis, me kike yi a nan?

"Yi mata gaisuwa, Lalla," in ji Mbarka. "Ita ce 'yar gidan."

Madam Ghizlane ta sunkuya, ta faɗa a hankali, kamar mai cika umarni: "Albarkarta ta zauna a kanki."

Glenda ta san abin da Mis Glenda za ta yi. Za ta yi murmushi ta gyaɗa kai, ta dubi ta kusa da ita kamar mai neman a fassara mata. Sau dubu ta yi haka. Amma mata talatin ne a falon, kowacce ta san bakinta, kuma gaisuwar mutuwa ba a barinta a ƙasa. In ta yi shiru, ta ce wa lungu duka matar da aka binne jiya mai gidan haya ce kawai. Ta tuna da katinta da zai ƙare a Nuwamba. Saura sati biyar.

"Kada Allah ya nuna miki mugun abu," ta ce. "Allah ya saka da tattakin da kika yi. Ta sha ambatonki, Lalla. Ta ce sai an bi ki da cokali har soro."

Da karin harshen tsohon gari ta faɗa, irin na Lalla Rkia sak. Wata tsohuwa ta fashe da kuka don jin muryar. Mbarka kuwa, da alfahari, ta ƙara da cewa ai wannan Baturiyar tasu shekara goma sha biyar ke nan babu abin da yake wuce kunnenta, ko raɗa aka yi.

Madam Ghizlane ta nemi wuri a gefe. Ta zauna iya abin da kunya ta wajabta, ba ta taɓa shayin ba, ta fita.

Ran Litinin Glenda ta tarar da ɗakin jira shiru, mata shida, kowacce idonta a wayarta. Ran Laraba yara tara ne suka zo cikin ashirin da biyu. Babu wadda ta ce an cuce ta a karatu. Abin da aka riƙa faɗa a Hamriya shi ne Si Bouchta ya ajiye musu kunne a kusurwa, kuma kowace uwa tana kwance tana tuno abin da ta taɓa faɗa a ɗakin nan. Glenda ta rubuta wa Madam Ghizlane wasiƙa, ta rantse ba ta taɓa faɗa wa kowa komai ba. Direba ya dawo da ita ba a buɗe ba.

Si Bouchta bai yi faɗa ba. Ya sa an kawo mata kofi, yana juya makullin motarsa. Ya ce ya gaya wa iyaye shi ma yaudararsa aka yi, don dole wani ya ɗauki laifin, kuma shi yana da iyali.

"Kai ka sa dokar, Si Bouchta."

"Ni na sa. Na ce ki yi kurma a aji. Ban ce ki zama uwar makoki a tsohon gari ba." Ya sauke ajiyar zuciya. "Allah ya ji ƙanta, na san mutuniyar kirki ce. Amma takarda kam ba zan iya sa mata hannu ba, Ustaza. In kika kwana a nan, makarantar ce za ta mutu."

Sannan ya kawo abin da ya kira taimako. Surukinsa yana da makaranta a Oujda, can bakin iyakar Aljeriya, yana neman Baturiya ido rufe. Zai ba ta takarda cikin sati, in za ta fara farkon Nuwamba. Sharaɗin ɗaya ne, kuma ta san shi.

Ta zaga sauran makarantun Meknes uku. Duk sun ji labari. Ɗaya ya ce da ma tana da shekara talatin.

Da yamma ta gaya wa Mbarka a soro, suna kwashe shanya. Mbarka ta ce wannan zancen banza ne, Glenda ta yi zamanta, wa zai shigo lungu ya fitar da ita, ai sai ya bi ta kan mata talatin. Glenda ta yi mata bayanin katin, da abin da ake yi wa wanda nasa ya ƙare. Mbarka ta daɗe tana ninke zani ɗaya.

"To sadakar arba'in fa? Wa zai zauna a tsakiya?"

Glenda ta ce za ta roƙi hutun kwana biyu.

Ranar uku ga Nuwamba ta hau jirgin ƙasa. Matan lungu suka cika mata jaka da zaitun da burodi kamar mai tafiya hajji, Mbarka tana ta zagin mutanen Oujda da ba ta taɓa gani ba. Sabon mai makarantar mutum ne mai kirki, ya samo mata ɗaki a bene na huɗu a wani gini inda kowa yake rufe ƙofarsa. Takardar ta fito, katin ma ya fito. Hutun ne bai samu ba, don ranar ta faɗo a makon jarrabawa, kuma ba ta da hanyar da za ta bayyana masa wace ce ta rasu ba tare da ya tambayi yadda aka yi ta zama 'yar gida ba.

An yi sadakar ranar Alhamis. Matar ɗan ɗan'uwan nan ta Khemisset ce ta zauna a tsakiya, wadda sau biyu ta taɓa ganin Lalla Rkia. Mbarka ta buga waya lokacin da malamai suka fara karatu, don Glenda ta ji. Wayar ta yi ta motsi a cikin jaka, a ƙarƙashin tebur, Glenda tana tsaye tana raba wa yara takardun jarrabawa.