Mai Man Zaitun a Baje-kolin Birnin Split

Ga shi tsaye a rumfarsa, tumbi gaba, tutar ƙasa maƙale a ƙirji. Wata Ba'italiya tana tambayarsa da Turanci ko zai iya kawo mata ganga ɗari. Sai ya harɗe hannu.

"Baiwar Allah, nan Kuroshiya ce. Mai son manmu ya koyi yarenmu!"

Ta wuce rumfar gaba. Shi kuwa sai hura hanci yake, yana jiran mu 'yan ƙasa da ke wurin mu tafa masa. Ina jin irin waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu a Jamus ne, kishin ƙasa ya zo masa tare da furfura.

Wayarsa ta yi ƙara. Ya amsa da yarenmu, sai ya juya mana baya, ya koma Jamusanci ƙasa-ƙasa:

"Yi haƙuri 'yar Baba, na manta ba kya jin yaren."