Yadda Muka Ɗauko Habu da Fartanya

Mun tashi da asuba daga Gwarzo, ana idar da salla muka cika bas ɗin da kulob ɗinmu ya ɗauka shata. 'Yan wasa a baya, koci a gaba kusa da direba, mu magoya baya a tsakiya rungume da ragar ƙwallaye. Abin da aka shaida wa gari shi ne za mu Kabo wasan sada zumunci. Amma fa Habu muka tafi nema, ɗan wasan gaban nan na Dugabau da ya yi mana ruwan ƙwallaye bara, har golanmu ya yi kwanaki bai leƙo majalisa ba. A makon nan ake rufe rajistar gasar jiha. In sunansa bai shiga ba sai baɗi, kuma masu neman 'yan wasa daga birni ba sa zuwa Dugabau kallon kowa. Habu yana so. Mahaifinsa ne ya ce a'a.

Ni dama da haushina na fito. Kulob ɗin da nake goyon baya a Ingila ya sayar da mai ci mana ƙwallo, ya sayo wani da ko sunansa ban iya faɗa ba. Rediyona na maƙale a kunne ko zan ji an ce ƙarya ne, 'yan bas kuwa suka sa ni gaba, wai a yi mini jaje.

Gidajen mai duk a rufe muka wuce su, sai wajen 'yan bumburutu direba ya tsaya, ya sha rabin galan yana tsaki. Hira ta koma kan tsuke bakin aljihun da ake ta ce mana mu yi, alhali aljihun ya daɗe da hujewa. Kaset ɗin wa'azi ne a motar, domin tun da aka ƙaddamar da shari'a direbobinmu suka mayar da na waƙa ƙarƙashin kujera. Kusa da ni makaɗin kulob ne, dattijon da a da gangarsa ke tayar da filin wasa. Ya rataye ta da kansa, ya koma sayar da rake, amma bai daina bin mu ba. Duk tafiyar yatsunsa na buga gwiwarsa, shi bai ma sani ba.

A Kabo muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, loma ɗaya sai mutum ya haɗa uku. Da na yi ƙorafi, mai suyar ta ce in je in tambayi wake da man gyaɗa, ita hannunta yana nan yadda yake. Daga nan muka hau burjin da ya nufi Dugabau. Ruwa ya ci hanyar, a wani kwari sai da muka sauka muka tura. Gero ya yi kore shar hagu da dama, gyaɗa ta fara rufe kunya.

Mahaifin Habu, wanda kowa ke kira Baffa, dogon dattijo ne siriri. Kakanninsa makiyaya ne, har yanzu da 'yan shanunsa a turke bayan gida. Ya shimfiɗa mana tabarma, aka gaisa, aka tambayi iyali da damina da dabbobi da gajiyar hanya, aka sake gaisawa. Koci ya ajiye goro, sannan ya buɗe baki. Ya yi Kano, ya yi Legas, ya haye teku, har ya sauke Habu a Turai cikin jirgi. Habu na tsugune can gefe, kansa a ƙasa.

Baffa ya bari har ya gama, sannan ya miƙe ya ce mu biyo shi. Ya kai mu bakin gonarsa. Ciyawa ta kusa cin geron, ga gonar da faɗi, iya ganinka.

“Malam, na ji Turai,” in ji shi. “Wannan fa? Yayyensa sun tafi cirani ba su dawo ba, ni kuma bayana ya ƙi. In ya bi ku, wa zai yi mini maimai? Ƙwallo za mu ci da rani?”

Wallahi na ji tausayin Habu, don na ga idonsa ya kawo ruwa yana ɓoyewa. Kuma ba wanda zai ce tsohon bai yi gaskiya ba. Muna shirin juyawa sai makaɗinmu ya yi gyaran murya.

“Baffa, Allah ya ba ka haƙuri. Ga ƙarti cike da mota sun sha koko. A garin nan an daina gayya ne?”

Baffa ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan tumbina, ya ce ba a daina ba, sai dai bai ga manoma a nan ba. Wannan magana ita ta tsokano mu. Nan da nan aka bi gida-gida aron fartanya. Makaɗi ya ce gayya ba ganga wahala ce zalla, amma ba zai taɓa ba sai an tambaya. Aka aika wurin liman. Amsa ta dawo cewa maza ne zalla a bakin aiki, a buga, amma da an kira salla a ajiye. Aka ɗauko tsohuwar gangar noma a gidan sarkin noma, fatarta ta saki, makaɗi ya gasa ta a bakin wuta yana shafawa.

Da ya saukar da bugun farko, kowa ya ɗauki fartanyarsa. Muka jeru, kowa da kunyarsa, aka duƙa. Makaɗin na bin mu a baya yana yi wa kowa kirari da lambar rigarsa. Ya ce wa golanmu mai kama ciyawa da hannu biyu. Ni kuwa ya ce mini mai rediyo, gwanin baki, yau ga fili. Masu tsaron bayanmu da ke cika baki a gari suka fara haki tun ba a je ko'ina ba, wani ma ya sare gero ya yi maza ya tura masa ƙasa. Habu kuwa ya yi mana nisa, ya kai ƙarshe ya juyo ya tarye ni a tsakiyar tawa kunyar.

Azahar ta yi, ganga ta yi shiru, muka yi salla a gindin marke. Daga gidan Baffa aka kawo dambu da fura da nono mai kauri, irin wanda ba a yi masa ha'inci da ruwa ba. Hannuna duk ya yi bororo, da ƙyar na riƙe ludayi. Wasan Kabo kuwa mun manta da shi sam. 'Yan kulob ɗinsu suka gaji da jira suka biyo sawu a kan kekuna da niyyar yi mana tsiya. Da suka ji abin da ake ciki sai suka tuɓe riguna suka karɓi fartanya, alhali sun san a kansu za mu fara amfani da Habun. Ban taɓa jin alfahari da mutanen ƙasarmu kamar a wannan lokacin ba.

Bayan la'asar aka fita daga kunyar ƙarshe. Baffa ya shiga gonar shi kaɗai yana dubawa, ya tsaya daidai inda aka binne geron nan, ya tono shi ya ɗaga, aka fashe da dariya. Sannan ya kira ɗansa, ya kama hannunsa ya sa a na koci.

“Ga amana. Kada ya bar salla. Kuma girbi na nan tafe, na ga kun san hanya.”

Har mun shiga mota Baffa ya aiko a kira ni. Ya fito da wata tsohuwar rediyo ɗaure da roba, ya rage murya don kada a ji, ya ce in murɗa masa tashar da ake faɗin wasan, in bar ta a nan. Na murɗa, shi kuma ya yi wa wurin alama da farce.

Mun iso Gwarzo ana kiran magariba, Habu na tsakiyarmu da takalmansa a leda. A hanya rediyo ta tabbatar da cinikin ɗan wasana na Ingila, na ji, amma ko a jikina. Shekara da shekaru ina zaune ina musu kan cinikin 'yan wasan da ba su san da ni ba. A tafiyar nan na gane cewa a wajenmu ɗan wasa ɗan wani ne, kuma in kana son sa sai ka fara ɗauke wa gidansu nauyin da yake ɗauka. An sa sunan Habu a rajista washegari. Duk wanda ya tambaye ni nawa muka saye shi, tafin hannuna nake buɗe masa.