Layuka Uku a Littafin Ruwan Urafane

Ranar Laraba, 22 ga Agustan 1984, Gazali ya dama wa mahaifinsa kunu da ƙarfe shida, ya ajiye a bakin tabarma, ya rufe da faifai. Takwas saura kwata ya fita da littafi a hammata, fensir a bayan kunne, ya nufi filin bayan lakwal, makarantar bokon Urafane, inda aka kafa ma'aunin ruwan sama. Bokitin ƙarfe ne mai mazurari a kan turke, an kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Takwas daidai ya karkata shi bisa kwalbar awo, ya jira. Ko ɗigo. Ya rubuta sifiri, ya sa hannu.

Ƙarfe goma yana bin unguwanni yana ƙidaya gidajen da aka toshe ƙofarsu da kara, masu su sun bar gari tun damina ba ta fita ba. Sittin da ɗaya ya samu. Kafin azahar ya biya ta babbar rijiya, ya tarar da Saudatu, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, tana jiran layi.

"Gazali, yau nawa aka ba mu?"

"Kamar jiya, Inna."

"To me ya kai ka? Ka yi zamanka a ɗaki ka rubuta. Ni ma na iya gaya maka."

"Sai na duba."

"Bokitin nan ya fi mu gata. Shi kullum da mai zuwa gaishe shi."

Matan suka yi dariya, shi ma ya yi. Da la'asar ya zauna yana gyara ƙulle-ƙullen igiyar da yake auna zurfin rijiya da ita, ƙulli ɗaya mita ɗaya. Bayan magariba suka ci tuwo da mahaifinsa, rediyo na karanta sanarwar sojojin da ke mulki. Sun daɗe haka.

Mahaifin, Malam Haruna, ya yi jami'a a Dakar, ya koyar da labarin ƙasa a Tasawa har ya yi ritaya. Matarsa ta rasu a yunwar da ta gabata, ta bar masa ɗa guda. Ya so yaron ya wuce shi a karatu, amma Gazali ya faɗi jarrabawa sau biyu, ya ƙare da aikin awo a garinsu. Malam Haruna bai taɓa yi masa faɗa ba. Bai kuma taɓa buɗe littafin nan ba, shekara bakwai yana ganinsa a kan akwati.

Aikin kuwa ba ƙarami ba ne a wannan shekara. Kowane ƙarshen wata ana aika alƙaluman zuwa Tasawa, daga can zuwa Yamai: ruwan sama, zurfin rijiya, gidajen da suka watse. Da su za a ware garuruwan da ba za su iya kai kansu kaka mai zuwa ba, a sa su cikin jerin masu samun hatsin agaji. Akwai ƙa'ida guda. Sifiri yana nufin an duba ba a samu ba. Layin da aka bari fari yana nufin ba wanda ya duba, kuma watan da ya sami farin layi uku, jefar da shi ake yi.

Ranar Alhamis, bayan ya rubuta sifirinsa, Gazali ya tafi auna tsohuwar rijiyar yamma, wadda aka daina ja. Ƙarfen da ke bakin igiyar ya maƙale a ƙasa. Ya sa maza biyu suka zura shi. Iskar ƙasan rijiyar ta lalace, ba wanda ya sani. Da suka ji shiru suka jawo shi, rai ya riga ya yi halinsa. An binne shi bayan la'asar. Yana da shekara ashirin da takwas.

Ranar Lahadi da yamma, da aka naɗe tabarmin zaman makoki, mai gari Danda ya dawo shi kaɗai. Ya zauna yana murza carbi, ya kira Malam Haruna da Mushe, kamar yadda ake kiran malaman lakwal.

"Mushe, ka yi haƙuri da abin da ya kawo ni. Littafin yaron nan."

Malam Haruna ya ɗauko, ya buɗe. Rubutun tsaf yake, kowane sifiri an rufe bakinsa, kowane da sa hannu a gefe, shafi bayan shafi. Ya juya baya har shekarun da aka sami ruwa, ya dawo. Juma'a, Asabar, Lahadi, fari.

"Ka cike mana," in ji Danda. "Ƙwai uku ne. Kowa ya san ba a yi ruwa ba."

"Sa hannun wa?"

"Nasa mana. Wa zai gane a Yamai? Hannunku ai ɗaya ne, kai ka koya masa."

"Bai duba ba, mai gari."

"Matacce na dubawa? Mushe, rumbuna sun ƙare. Iyakar Najeriya a rufe take. In aka jefar da Agusta, da me za mu nuna hatsinmu ya ƙone?"

Malam Haruna ya ce a ba shi zuwa safe.

Litinin, takwas saura kwata, ya bi hanyar bayan lakwal. Ya ɗage ƙayar, ya cire mazurarin. Bokitin a bushe yake, amma a gindinsa ƙura ta yi tabo-tabo, irin wanda ɗigon ruwa ke bari. Sai ya tuna. A maƙabarta, lokacin da ake mai da ƙasa, wani abu ya ɗiɗɗiga masa a bayan hannu, bai ɗaga kai ba. Yayyafi ne, bai kai a auna ba. Sauran kwanakin kuwa a waje ya yi su, dare da rana, ido biyu. Ba abin da ya sauko.

Ya zauna a ƙasa, ya ɗora littafin a gwiwa. A layin Juma'a, inda ruwan yammacin Alhamis ke shiga, ya rubuta "alama", kamar yadda ya ga Gazali na yi wa yayyafi. Asabar da Lahadi ya sa sifiri. A gefe ya rubuta cewa mai awo ya rasu, ba a buɗe ma'auni ba, wannan shaidar ido ce, ya sa cikakken sunansa. Danda ya karanta, ya ce wannan gaskiyar za ta iya kashe su. Malam Haruna ya ce ya sani.

Ya ci gaba da zuwa kowace safiya har ƙarshen Oktoba. Ba wanda ya tsokane shi a hanya. Amsa ba ta zo ba sai Disamba: an karɓi watan, Urafane na cikin jerin. Jar dawa ce aka kawo, ba ta isa ba, amma an kawo.

Kayan Gazali ba su da yawa. Riguna uku da hula aka ba Ƙadri, ɗan ƙanin mahaifiyarsa, tare da keken Gazalin. Takalman sun yi wa kowa girma, aka kai masallaci. Igiyar awo Malam Haruna ya kwance ƙulle-ƙullenta ɗaya bayan ɗaya, ya ba matan babbar rijiya. Littafin na gwamnati ne, mota ta zo ta ɗauka. Akwatin ya bar shi inda yake, ba komai a kansa.