Keken Ɗinkin da Ba Zare

Shekarar da wani kamfani ya kawo wutar sola unguwarmu ta bakin garin Tambuwal, kowane gida an manna masa mita mai aika rahoto da kanta. Duk abin da ka kunna sai ya bayyana a allon kwamfuta a shagon wakilin kamfanin: ga sunan mai gida, ga wani zane a gabansa yana hawa yana sauka. Allon kuwa titi yake kallo, kuma a bakin shagon majalisarmu take zama bayan la'asar. Da farko abin dariya muka mai da shi. A ce wane ya sayi dutsen guga, wane kuma maƙo ya hana shi kunna fanka. Ni ma na yi dariyar, har da tafawa.

Matata tela ce, 'yar Kebbe, kekenta na lantarki ne. Daga hantsi zuwa azahar zanen gidanmu ya fi na kowa tsalle. Wata safiya muka yi cacar baki a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Da na dawo daga sakatariya, inda nake aiki, na tarar ta yi yaji.

A wurinmu yaji ba mutuwar aure ba ne, muddin bai shiga kunnen gari ba. Kana barin zuciya ta huce, ka sami dattijo ku je biko a asirce. In magana ta fita kuwa, kowa sai ya tsaya kare girmansa, kuma na san halin surukina. Ba ta daɗe da dawowa daga ganin gida ba, don haka ba damar in ce can ta tafi. Masu aiko da yadi na ce musu ɗinki ya yi mata yawa, ba ta karɓar sabo.

Saura allon. Macen da ɗinki ya yi wa yawa, zanen gidanta ba zai kwanta ba.

Haka na koma ina tasowa daga aiki in wuce ɗakinta, in zauna a kujerarta, in danna keken da ƙafa. Ba zare, ba ƙyalle, allura kawai tana sukar iska. Ɗakin na ƙamshin turarenta, ga wata rigar yarinya da ba ta gama ba a rataye. Ban taɓa sanin kaɗaici irin na lokacin ba: ƙaton mutum da gemunsa yana ɗinka babu, don kada wata na'ura ta tona shi.

Wakilin kamfanin ba mugu ba ne, bakinsa ne ba linzami. Ranar kasuwa na zo wucewa, majalisa cike, ya ɗaga murya daga cikin shago.

"Malam, lafiya dai gidanka? Abin da nika gani, keken uwargida bai aiki sai ka taso ofis. Da hantsi ko ƙwai guda ba a kunnawa. Ko mitar ta ɓaci mu canza maka?"

Wani ya sunkuyar da kai yana murmushi. A cikin mazauna har da direban da ke jigilar Kebbe.

Washegari na ɗauki kawuna muka tafi biko, amma labari ya riga mu isa, har da ƙarin gishiri. Surukina ya karɓe mu a zaure, ya ƙi haɗa ido da ni.

"Ɗiyata ta zama abin hira bakin shago," ya ce wa kawuna. "Da kun zo tun ba a ji ba, da yau kun koma da ita."

Na roƙa aka bar ni na tsaya a ƙofar ɗakin mahaifiyarta. Matata tana ciki, na fara yi mata bayanin mitar, da allon da ke kallon titi, da yadda na yi ta ƙoƙarin rufa mana asiri. Ba ta ɗaga labule ba.

"Na ji duka," ta ce. "Kullum ina sauraren sallamarka. Kai ko kana can kana lallashin mita."

Kawuna ya taɓa kafaɗata, muka fito neman motar Tambuwal mu biyu, kamar yadda muka zo.